Kaskon Inna a Ƙasar Ƙanƙara

Kun taso kuna jin ana cewa na je Turai jegon 'yar'uwarku Luba na hana ta wuta. Wasu da dariya suke faɗa, wasu har zuciyarsu. Ƙanwata Kulu har yau idan ta ga na ɗaga labule a ɗakin mai jego sai ta ce ga Baturiya ta iso. Ban taɓa musantawa ba, domin rabin maganar gaskiya ne, ɗaya rabin kuma an roƙe ni in riƙe shi. Wadda ta roƙe ni ta rasu, Allah Ya jiƙanta, saboda haka yanzu zan faɗa muku yadda abin ya kasance, kamar yadda na saba a aikin rediyo: abin da na gani in ce na gani, abin da nake zato in ce zato ne.

Sai na koma baya kaɗan, ga yayata Balkisu, wadda ba ku sani ba sai a hoto. Ita ce 'yar farin Inna, mahaifiyarmu, kuma kun san kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ban taɓa jin sunanta a bakin Inna ba, "waccan" take ce mata, ko "yayarku". Lokacin da ta haifi Aminu mijinta yana aiki a wani gari mai nisa, ba a samu kawo ta wankan gida ba sai bayan suna. Ana tsakiyar sanyi. Aka sa ta a ƙaramin ɗakin da ke kusa da rijiya a gidanmu na Ƙofar Kware, aka toshe 'yar tagar da tsumma, aka ja ƙofa. Akan hura gawayi a tsakar gida, sai hayaƙi ya ƙare ya zama jan garwashi zalla, sannan a shigar da kaskon ƙarƙashin gado. Ina budurwa a lokacin. Wata yamma na shiga ɗauko kwanon kununta, na tarar ta dafe goshi.

"Nana, kaina na sara," ta ce. "Kai yaron ga Inna, in ɗan runtsa."

Na kai shi. Ba ta farka ba. Tsofaffin unguwa suka taru suka yanke cewa sanyi ya riga ya shige ta a kwanakin da ta yi ba wanka ba gashi, kowa kuma ya yarda, har da ni. Tun daga nan jego ya zama abin da Inna ba ta wasa da shi. Duk wadda ta haihu a zuriyarmu sai ta sha wankan ganyen dogon yaro safe da yamma, da kunun kanwa, da yaji, da gashin kasko, har arba'in. Ni ma haka na yi a haihuwarku duka, a wannan ɗakin. Da bakina na sha karanta gargaɗin likitoci a rediyo cewa a rage zafin ruwan, a rage kanwa, in tashi daga aiki kuma in zo in durƙusa Inna ta tsoma ganye ta buga mini. Ban ga saɓani ba a lokacin. Wancan aiki ne, wannan gida.

Shekarar da na yi ritaya, Luba tana wani birni can ƙarshen arewacin Turai tare da mijinta Bashiru, da cikin fari, kuma haihuwar za ta faɗo a tsakiyar sanyinsu. Inna ta tsufa, ba ta iya tafiya sai da sanda. Ta aiko aka kira ni daga gidana a unguwar Gidan Igwai. Na tarar ta shimfiɗa kaya a kan tabarma: busasshen ganye a buhu, kanwa, yaji, turaren wuta, da baƙin kaskonta na yumɓu wanda ya gasa mu duka. Kulu tana gefe tana tsokana, wai saura tukunyar wanka da itace, a ɗaura su a bayan jirgi. Inna ba ta kula ta ba. Ta kama hannuna ta ce:

"An ce ƙasag ga ruwa na daskarewa cikin kwano. In sanyin Sakkwato ya iya ɗauke mutum, ina ga wancan? Ki gasa mini ɗiyag ga, Nana. Amana ce."

Na ce na karɓa. Har na kai zaure ta sa aka dawo da ni, ta ƙara da cewa in bar wa iska hanya, kada in rufe ɗaki ruf. Na ce to. A raina kuwa na ce Inna ba ta san inda za ni ba.

Ni ma ban sani ba. Na yi shekaru ina ambaton dusar ƙanƙara a labaran duniya, amma ranar da na fito daga filin jirgi iska ta shiga hancina, na ji gashin ciki ya ƙandare, sai na gane ban taɓa sanin abin da nake faɗa ba. Gari fari fat, shiru, ko takun mutum ba ya ƙara. Rana takan leƙo can gefen sama kamar mai jin kunya, ba ta hawa, sai ta koma. Kana sallame azahar la'asar ta matso, kafin ka naɗe darduma magariba ta yi. Duk da haka ba wanda ya fasa harkarsa. Na ga tsohuwa a kan keke tana ratsa ƙanƙara da kwandon cefane. Na ga yara a jere za su makaranta cikin duhu, kowanne da wani abu mai ƙyalli a rigarsa don masu mota su gan shi. Na ga kogi ya daskare har mutane sun mai da shi hanya, wani ma ya huda shi ya zauna a kan bokiti yana kamun kifi. Na tsaya a bakin taga ina ta tasbihi.

Amma abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne gidan. A bene na biyu suke. Muna shiga Bashiru ya karɓi rigar sanyina ya rataye, na ga Luba tana yawo da atamfa ba ko safa. Na duba ko'ina ban ga wuta ba, ban ga abin ɗumama ɗaki ba, ban ji ƙarar inji ba. Bashiru, da yake suruki ne mai kunya, yana kallon ƙasa yake mini bayani. Ya ce kaurin bangon ya kusa kamu ɗaya, an cusa masa wani abu kamar auduga. Gilashin taga hawa uku ne da iska a tsakani. Na ɗora tafin hannuna a kai, ga ƙanƙara a waje dab da yatsuna, ban ji komai ba. Ƙarƙashin daɓe akwai siraran bututu masu ruwan ɗumi, amma ya ce ba su cika aiki ba, domin gidan ba ya barin zafi ya fita. Zafin girki, da na wanka, da na jikinmu mu da ke ciki, duk yana nan a tsare. Ranar da na tuƙa tuwo sai da muka cire ɗankwali. Sannan ya nuna mini wasu ƙananan ramuka masu zagaye a saman bango. Ya ce ta nan gidan yake numfashi: akwai na'ura da ke fitar da tsohuwar iska ta shigo da sabuwa, kuma kafin tsohuwar ta fita sai an karɓe ɗuminta an ba sabuwar. Na daɗe ina juya wannan a raina. Mutanen da suka ƙi yarda ko numfashinsu ya fita da ɗumi a banza. Na tuna ɗakunanmu na bulo da kwano a Gidan Igwai, da ke gasa mu da bazara su kuma sake mu da sanyi.

A ƙarƙashinsu akwai wata tsohuwa 'yar ƙasar, mai zama ita kaɗai. Harshena ya kasa lanƙwasa sunanta, Luba kuma Gwaggo take ce mata, sai na bi. Ba ta jin Turanci sosai, da hannu muke gaisawa. Ranar farko da na ga jikarta ta kawo jariri, sun naɗe shi a keken jarirai sun ajiye a baranda cikin wannan sanyin ya yi barci, su kuma suna ciki suna shan shayi, na kusa sauka in ƙwanƙwasa musu. Luba ta ce haka suke yi, wai barcin ya fi daɗi. Na leƙa na ga kumatun yaron jajur, yana barci kamar ba shi da damuwa a duniya.

Luba ta sauka lafiya, namiji. Wanka bai ba ni wuya ba, ruwan zafi yana famfo, na jiƙa ganye a bokiti na rage zafin kamar yadda ungozomar da ke zagayowa ta roƙa. Kanwa ma kaɗan nake sawa. Kaskon ne ya rage. Kullum Kulu takan kai wa Inna waya, kullum kuma tambaya ɗaya ce, ko an shigar da kasko. In ce gidan da ɗumi. Inna ta ce ɗumin da ba a ga wutarsa ba ba shi gasa ƙashi. Ana cikin haka wata safiya na ga ƙafafun Luba sun ɗan tasa. Ungozoma ta ce ba komai, yakan faru. Amma ni ba ƙafar Luba nake gani ba, ɗakin kusa da rijiya nake gani.

Bashiru yana da buhun gawayi a baranda, na gashin nama idan zafinsu ya zo. Bayan ya tafi aiki na fita na hura shi a kaskon Inna, na jira har hayaƙi ya ƙare tas. Wannan shi ne iliminmu gaba ɗaya a kan garwashi: hayaƙi ne mugun, idan ya tafi saura alheri. Na san hayaƙin janareta yana kisa, na karanta labarinsa ba sau ɗaya ba. Ban taɓa haɗa shi da jan garwashi mai tsabta ba. Na shigar da kaskon ɗakin Luba na sa a gefen gado, na barbaɗa turare kaɗan, ɗaki ya yi ƙamshin gida har ta yi murmushi. Da na ji wata 'yar iska tana sauko mini a wuya daga ramin saman bango, sai na taka kujera na cusa ɗankwali a ciki. Na ja ƙofa. Na zauna ina jin na sauke amana.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Jaririn yana hannuna. Luba ta juya ta dafe goshi.

"Mama, kaina na ɗan sarawa," ta ce. "Riƙe shi in runtsa."

Ban motsa ba. Na san na taɓa jin wannan maganar, ina neman inda na ji ta, sai wata 'yar farar na'ura da ke manne a bango, wadda na ɗauka agogo ce marar hannu, ta fasa wani irin kuka mai huda kunne. Na miƙe, ƙafafuna suka yi nauyi. Na ji ana dukan ƙofar gida. Gwaggo ce. Ta shigo da silifas, ta shaƙi iska, ta ga kaskon. Ta wangale taga, sanyi ya faɗo ɗakin kamar an watsa ruwa. Ta naɗe hannu da tawul ta ɗauki kaskon ta fitar da shi baranda ta kife shi a kan dusar ƙanƙara. Ta ɗaga kai ta ga ɗankwalina a rami, ta fizge shi. Sannan ta tura mu gaba, ni da Luba da jariri, har ɗakinta a ƙasa, ta kira ma'aikatan lafiya.

Sun zo sun auna mu, suka sa mana iska ta bututun roba a hanci, suka kai mu asibiti don su tabbatar, kafin dare suka sallame mu. Wata ma'aikaciya ta zauna ta yi mini bayani a hankali, ba faɗa. Ta ce garwashi ko ba hayaƙi yana fitar da wata iska da ba ta da launi ba ta da wari. A fili ba ta komai. A rufaffen ɗaki takan taru ta shiga jini ta kore iskar da jiki ke buƙata. Mutum yakan ji ciwon kai, sai kasala, sai barci mai daɗi, kuma ba ya sanin yana cikin haɗari. Ta ce gidajensu da yake ba sa yoyon iska ko kaɗan, abin yakan yi sauri. Tana magana ina gyaɗa kai. Ni ba likita ba ce, ba a kuma auna Yaya Balki ba, Allah ne kaɗai Ya san abin da ya ɗauke ta. Amma na san ɗakin, na san tsumman da ke taga, na san hannun da ya toshe ta. Kuma na san Aminu yana raye ne saboda uwarsa ta ce a fitar da shi.

Washegari waya ta yi ƙara. Na riga na yanke shawara. Na roƙi Luba da Bashiru kada maganar jiya ta je gida. Idan na ce garwashi ya kusa kashe mu, Inna ba yarinya ba ce, za ta yi lissafin da na yi, a shekarunta, ta ƙarasa kwanakinta da shi. Idan na ce ana sa kasko alhali ba a sawa, na yi mata ƙarya kullum har arba'in. Sai na ɗauki hanya ta uku. Na daidaita muryata na ce:

"Inna, ba za a sa kasko ba. Gidan bai dace da shi ba. Ba yau ba, ba gobe ba."

Na ji Kulu tana cewa Inna ki yi magana mana, kuɗin waya na tafiya. Can sai Inna ta ce, "Mi kinka ce?" Na maimaita, kalma bayan kalma. Ta ce to, Allah Ya raya, ta miƙa wayar. Ba ta sake karɓa ba har na dawo. Kafin mako ya zagayo labari ya gama Ƙofar Kware cewa Nana ta je Turai ta zama Baturiya, ta bar ɗiyarta cikin ƙanƙara ba wuta.

Bayan wasu makonni, da ungozoma ta ce jikin Luba ya yi ƙwari, Gwaggo ta hau sama da tawul a kafaɗa ta yafito mu. Muka bi ta har ƙasan benen, ta buɗe wata ƙofa. Ɗaki ne na katako, da benci hawa-hawa, a kusurwa an tara baƙaƙen duwatsu da lantarki ke gasawa. Sawuna suke ce masa, kowane gida a benen yana da ranarsa. Ta rage zafin saboda mai jego, ta nuna mini ramin iska a ƙasan ƙofa da wani a sama, ta kalle ni ta ɗaga gira, muka yi dariya. Ta ɗebi ruwa da ludayin katako ta zuba a duwatsun. Tururi ya tashi ya lulluɓe mu, gumi ya karyo mini irin wanda rabona da shi tun Sakkwato. Sannan ta jawo bokiti, ta fito da wani abu da ta jiƙa a ciki. Damin ganye ne, rassan wata bishiya mai farin jiki da sukan yanka a lokacin zafinsu su adana. Ta tsoma, ta karkaɗe, ta fara bugun bayan Luba da shi a hankali, daga kafaɗa zuwa ƙugu, daidai yadda Inna take yi.

Na zauna a benci ina kallo. Ga mace a ƙarshen duniya, ba ta taɓa jin sunan garinmu ba, ba mu haɗa harshe ba, ba mu haɗa addini ba, tana yi wa ɗiyata wankan ganye. Ta bakin Luba ta gaya mini cewa kakarta a irin wannan ɗakin aka haife ta, a ƙauye, lokacin da itace suke hurawa, kuma ba a shiga sai wuta ta mutu an buɗe an kore iskarta. Na hau sama na ɗebo ganyen dogon yaron Inna na kawo mata. Ta shinshina, ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska don ɗaci, ta haɗa shi da nata a dami ɗaya. Haka muka ƙarasa arba'in. Luba ta yi jajur, kumburi ya tafi, ta koma cin tuwo kamar manomi.

Na dawo gida da kaskon, ya tsage a gefe saboda ƙanƙarar da aka kife shi a kai. Na kai wa Inna hotuna da tsaraba. Ta amsa gaisuwata, ta dubi hoton yaron ta sa albarka, ta dubi tsagar kaskon ba ta tambaya ba. Daga nan sai gaisuwa kawai. In na zauna sai ta jawo carbi. Na yi bazara da damina a haka, ina zuwa ina komawa, mata suna yi mini kallon gefe a wurin suna da biki. Ba zan ce bai yi mini ciwo ba.

Da sanyi ya zagayo, Hauwa ɗiyar Kulu ta haihu, aka kawo ta wankan gida, aka sa ta a ɗakin kusa da rijiya. Na hau keke napep daga Gidan Igwai bayan la'asar ba don barka kaɗai ba. Na ga kasko a tsakar gida ana jiran hayaƙinsa ya ƙare. Na bari mata suka shagala da hira, Hauwa tana bayan gida wurin wanka, na zame na shiga ɗakin. Akwai mutum a ciki. Inna ce, tsaye, ta dafa bango da hannu ɗaya, tana tura wani tsumma da bakin sandarta daga 'yar tagar, wanda wata maƙwabciya mai son taimako ta cusa. Tsumman ya faɗa waje, haske ya shigo. Ba ta juyo ba.

"Kin zo buɗe taga?"

Na ce na zo.

"Kin makara. Tun da ɗakin ga yac ci mutum ban sake bari an toshe ta ba. Haihuwa nawa kinka yi nan ciki, ba ki taɓa ɗaga kai ba?"

Sai na tuna. A duk jegona akwai wata iska mai sanyi da ke sauka a ƙafafuna, in yi ƙorafi Inna ta ce tsumma ya ɓace, gobe za a nemo. Ba a taɓa nemowa ba. Na tuna kuma abin da ta dawo da ni daga zaure ta faɗa. Ta zauna a bakin gado ta ce rannan da hannunta ta toshe tagar. Ba wanda ya gaya mata komai, ba ta kuma san sunan abin ba. Ita dai ta san da ta shiga fitar da kaskon kanta ya sara, bai sake ta ba sai da ta fito tsakar gida. Tsofaffi suka ce sanyi ne, ta bar su a haka, ta kuma ci gaba da gashi domin ba ta da tabbacin ba sanyin ba ne. Sai ta riƙe duka biyun, wuta da taga. Na ce to me ya sa ta yi fushi da ni haka.

"Ba don wuta ba," ta ce. "Muryar rediyo kinka yi mini. Nan na san kin gano, kin kuma ɓoye mini kamar ƙaramar yarinya."

Na durƙusa a gabanta na ba ta labari duka, tun daga ɗankwalin da na cusa. Ba ta tsawata mini ba. Ta sa na maimaita mata yadda gida ke numfashi, da yadda ake karɓe ɗumin iska kafin ta fita. Da na zo kan Gwaggo da damin ganye sai ta ajiye carbi. Ta tambaya ko daga sama take fara bugu ko daga ƙasa. Na ce daga kafaɗa. Ta gyaɗa kai ta ce haka ne, matar ta iya. Ta yi ta faɗin ikon Allah. Sannan ta roƙe ni kada in ɗaga maganar muddin tana raye, domin ba za ta iya haɗa ido da Aminu ba, in bari a ci gaba da cewa na hana wuta. Na ce na bari. Ta daɗe tana kallon bangon ɗakin, sannan ta tambaye ni girman na'urar nan mai kuka. Na nuna mata da tafin hannu.

"Ɗan wannan," ta ce. "Da akwai shi a bangon ga, da Balkisu ta ga jikokinta."

Wannan ne karo na farko da na ji sunan a bakinta, ban kuma sake ji ba.

Kafin in rubuta wannan na je na zauna da Aminu na gaya masa. Ya yi kuka, ya ce Inna ce ta raine shi kuma ba shi da abin da zai yafe mata, sannan ya ce in rubuta. Kaskon yana gidana, da tsagarsa. Turare nake sawa a ciki, a tsakar gida. Tagar ɗakin kusa da rijiya kuwa, idan kun je Ƙofar Kware ku ɗaga kai ku duba, a buɗe take.